Yadda Na Gane Shayi Ruwa Ne

Akwai wani nau'in maza a garin nan, ni ma ina cikinsu, waɗanda ba su taɓa kunna risho ba amma babu abincin da ba su da fatawa a kansa. A kawo tuwo su ce bai tuƙu ba, a kawo miya su ce daddawa ta yi yawa. Ni fannina shayi ne. Tun da aka kawo mini amarya ban taɓa kurɓar shayin gidana na yi shiru ba. In ban ce ya yi tsararo ba, na ce ganyen bai fito ba, ko kuwa madarar gaisawa kawai ta yi da ruwan ta wuce. Ita kuwa baiwar Allah sai ta ce, "To Malam, Allah ya ba mu iyawa," ta kwashe kofuna. Ni kuma in ɗora hula in nufi bakin titi, in zauna a bencin mai shayi, in sha abin da nake kira na gaske.

Abin da ya ƙara kumbura mini kai aikina ne. Labarin ƙasa nake koyarwa a sakandare, kuma in aka zo darasin shayi har ɗalibai sun san ranar ba a fita tara da wuri. Ido rufe zan zana maka kwarin Assam na Indiya a allo. Zan gaya maka Sin ce kan gaba a noman ganyen, Indiya na biye da ita, amma wajen fitar da baƙin shayi zuwa kasuwar duniya babu kamar Kenya, inda ake tsinko shi a tsaunukan Kericho a kai shi gwanjo Mombasa. Zan gaya maka bishiyar tana son ruwan sama mai yawa da tudu mai sanyi, shi ya sa namu na gida yake can Kakara, a kan tsaunin Mambila ta Jihar Taraba, inda ake yin Highland Tea. Har nakan tsaya in ja numfashi kafin in sanar da aji cewa koren ganyen da Buzaye ke dafawa a 'yar buta da baƙin da ke cikin Lipton duk bishiya ɗaya ce, sarrafawa ce ta raba su. Mutumin da ya san wannan duka, ina ruwan zafi zai gagare shi?

Abubuwa biyu suka haɗu suka tona mini asiri. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya tashi, madara da sukari suka shige gaba, mai shayi ya bi su a guje. Kofin da nake sha da canjin aljihu ya koma sai na yi shawara da albashi. Ana cikin haka uwargida ta sauka lafiya, aka ɗauke ta zuwa gidansu wankan jego, ga hunturu ya kankama. Na zauna da biro da takarda na yi lissafi irin namu na malamai, ya nuna mini in na riƙa dafawa da kaina, kafin shekara ta zagayo zan sauya tayoyin babur duka biyun. Da na tsaya nan da sauƙi. Sai da na je har teburin mai shayi, a gaban 'yan majalisa, na sanar cewa daga yau na yaye kaina, domin shayi ba wani ilimi ba ne. Mai shayin bai ko ɗago kai daga yankan burodi ba. Cewa ya yi, "Allah ya ba da sa'a, Malam. Bencin dai yana nan."

Washegari na juye ruwan da ya kwana a fulas cikin ƙaton kofina, na zuba madarar gari, na tsoma ƙullin ganye guda ina jan zarensa sama da ƙasa. Abin da ya fito ba fari ba ne, ba ja ba ne, kuma gudajin madara na yawo a sama suna kallona. Na kurɓa. Wanda nake raina wa uwargida ya fi shi nesa ba kusa ba, amma tunda babu shaida sai na ɗora laifin a kan fulas.

Daga nan na koma bincike a waya, wanda shi ne mafakar duk malamin da aiki ya kayar. A nan na ga ashe Turawan Ingila sun fi ni rigima a kan wannan abu. Wani marubucinsu, George Orwell, ya rubuta maƙala sukutum a 1946 ya jera ƙa'idoji 11 na haɗa shayi, ciki har da haramta sukari. Da na zo nan na san ba da mu yake ba. Mutumin da bai taɓa ganin Bakano ya jefa ƙwayar sukari shida a kofi yana tambaya ko an manta ba a sa ba, ba zai yi mini hukunci ba. Abin da ya fi kama hankalina ma'aunin da hukumar ƙa'idojin kaya ta duniya, ISO, ta ajiye wa masu ɗanɗana shayi: giram 2 na ganye ga kowane mililita 100 na tafasasshen ruwa, a rufe minti 6. Ƙullin ganye guda kusan giram 2 ne. Kofina kuwa rabin lita yake ci. Kenan aikin ƙulli biyar na ɗora wa guda ɗaya, sannan ina zaginsa da ragwanci.

Na hau babur sai Kasuwar Singa, na sayo ganye na awo, irin mai ƙananan ƙwayoyin nan. Shi ne ake kira CTC, wanda inji ke murƙushewa ya yayyaga ya dunƙule; a Assam aka ƙirƙiro dabarar wajen 1930, kuma amfaninta shi ne ganyen ya saki launi da ƙarfi nan da nan, ya iya tsayawa gaban madara. Wannan "nan da nan" ɗin na karanta shi da idona, amma sai ƙwaƙwalwar lissafi ta ce mini in minti 6 na ba da ƙarfi, to rabin awa fa? Na zuba ganye cikin tafin hannu har sau ba adadi, na ɗora a wuta lokacin da aka fara labarun yamma a rediyo, ban sauke ba sai da aka yi sallama da masu sauraro.

Baƙi ƙirin ya fito. Kurɓar farko harshena ya ƙanƙance, dasashina ya bushe, bauri ya riƙe mini maƙogwaro. Na ƙara madara, ya haɗiye ta ko gezau. Na ƙara sukari, ya zama bauri mai zaƙi. Da yake na riga na sa kuɗin ganyen a lissafin taya, zubarwa ba ta taso ba. Na toshe hanci na shanye tas. Daren nan babu abin da ya wuce a unguwarmu ban ji shi ba: usur ɗin 'yan sintiri, faɗan karnuka, tarin maƙwabci, har kiran assalatu. Takardun jarrabawar da na yi wata ina gudu, duk na duba su kafin asuba, kuma ina zaton wasu yaran sun samu makin da ba su taɓa mafarki ba. Da rana ina tsaka da bayanin yadda hadari ke haɗuwa, sai ji na yi mai kula da aji yana cewa, "Malam, an kaɗa ƙararrawa." A tsaye nake, alli a hannu, goshina a jikin allo.

Malamin kimiyya na makarantarmu, bayan ya gama dariya ya share hawaye, ya yi mini bayani a ofishin malamai. Ya ce a cikin ganyen akwai sinadarin da ke kore barci, shi yawancinsa a mintunan farko yake fita, akwai kuma wanda ake kira tanin, mai bauri, shi kuwa in dai ganye na cikin ruwan zafi ƙaruwa yake yi. Mai son shayi mai ƙarfi ganye zai ƙara, ba lokaci ba. Madara takan kama tanin ɗin ta rage kaifinsa, amma tana da iyaka. Na gode masa, na roƙe shi ya bar maganar tsakaninmu. Kafin azahar har mai sayar da ƙosai a bakin gate tana yi mini sannu da rashin barci.

Sai na tuna finafinan Indiya da muka taso muna kallo. Ai su a cikin madarar suke dafa ganyen, a kan wuta, ba haɗi ake yi a kofi ba. Tukwanen girki duk na ɓata su suna jiƙe a bakin famfo, saboda haka na buɗe kabad ɗin jeren uwargida, inda samirun da mahaifiyarta ta yi mata suke a jere tun ranar biki ba a taɓa ɗora su a wuta ba, na ɗauko ta tsakiya. Aro ne na minti goma, wa zai sani? Na dama madara na cika ta kusan baki, na watsa ganye, na kunna gas. Daidai nan waya ta yi ƙara, mai jego ce. Na fita tsakar gida inda sabis ya fi kyau.

"Malam, me kake ci kuwa? Hajiya ta ce ko a riƙa aiko maka da abinci?"

"Haba, ki ce mata kada ta wahalar da kanta. Yanzu haka wani shayi na ɗora, in kin dawo zan koya miki."

"To, Allah ya kai mu. Ga 'yarka, yi mata magana."

Wanda ya taɓa yi wa jaririyar mako biyu magana a waya ya san ba hira ce mai ƙarewa ba, tunda kai ne mai tambaya kai ne mai amsa. Ina cikin tambayarta ko ta san Abbanta sai hancina ya ba ni labari. Madara ba ruwa ba ce. In ta yi zafi wata yana takan kwanta a samanta ta tare tururi, tururin ya ɗago ta gaba ɗaya, kuma tsakanin "ta kusa" da "ta zube" bai fi ƙiftawar ido ba. Na tarar rabi a kan gas da siminti, rabin kuma ya kama gindin tukunya ya zama gawayi. Cikin ruɗewa na sheƙa mata ruwan randa tana da zafi, na ji ta ce ƙas, fentin ya dare. Na bi da soson ƙarfe, na bi da toka, na ƙarasa da wuƙa. Da na gama, ko almajiri ba zai karɓe ta sadaka ba. Na naɗe ta a buhu na cusa a bayan tankin ruwa, na matso da sauran samirun kusa da juna don giɓin ya ɓace.

Girman kai rawanin tsiya. Na ɗaure shi na kwanaki, sannan wani dare bayan isha na zagaya ta bayan layi na tsaya nesa da teburin mai shayi, wai ina amsa waya, alhali hannunsa nake leƙe. Abin da na gani ya ba ni mamaki. Ƙatuwar butar da ke kan wuta ruwa ne da kayan ƙamshi, citta da kanumfari da masoro, sai ganye daidai misali. Aikin duk a kofi yake: madarar gari cokali bayan cokali, Bournvita ko Milo a kai, sukari, wani ma a huda masa gwangwanin Peak a juye. Shekara da shekaru ina yabon ƙarfin ganyensa, ashe ganye shi ne ƙaramin ma'aikaci a wurin.

"Malam, ƙaraso mana, sanyi ake yi," ya ce, ba tare da ya waiwayo ba.

Na ƙarasa na ce wucewa nake yi. Ya ce ya sani. Sannan ya tambaye ni, a matsayin mai wucewa, shin ƙarfi nake nema ko kauri? Domin kauri madara ce ke kawo shi, ƙarfi kuwa ganye, kuma yawancin masu zama a bencinsa da ke cewa a yi musu mai ƙarfi, in ya ba su ƙarfin gaske sai su ce ya yi ɗaci. Na ce ni duka biyun nake so. Ya ce to wannan sai a tukunya, shi ba ya yi, don gawayi da lokaci ba za su bar shi ba. Ya haɗa mini kofi guda, ya ɗaga hannu sama ya shiƙa shi daga wannan kofi zuwa wancan, zare guda ba ɗigo, kumfa ta taso. Na sha, na biya, muka yi kamar ba a taɓa wata sanarwa ba.

Shiƙar nan na gwada ta ranar Juma'a da safe, sanye da farar shadda. Ba zan tsawaita ba. Da tsohuwar kaftani na je masallaci, kuma mai wanki da guga ya ce tabon shayi da madara sai dai a rina rigar.

Ana saura kwanaki kaɗan arba'in sai ga baƙo: kawun uwargida, ya shigo Kano sayayya, dare ya yi masa, ya ce bari ya kwana gidan 'yarsa. Dattijo ne mai fararen kaya da ƙarancin magana, ya yi shekaru yana ɗinki a Jidda. Na shimfiɗa masa darduma a falo, na sayo tsire, sannan shaiɗan ya raɗa mini cewa ga ranar wanke suna. Da ma da yamma na sayi madarar shanu sabuwar tatsa wurin Fulani. Na dafa ganye daidai, minti kaɗan, na zuba madara ina tsaye a kanta ban ko ƙifta ba, na sauke lafiya. Launi ya yi, ƙamshi ya yi. Sai na ce bari in ƙara abin da zai sa Kawu ya ba da labarina a ƙauye. Na goga ɗanyar citta, na matse ruwanta a cikin shayin bayan ya ɗan huce, na juye a fulas na rufe, na kai masa da kofi a faranti, na koma bakin ƙofa na durƙusa irin na surukai.

Ya tsiyaya. Na ji sautin zubar ba irin wanda na sani ba, wani ɓal-ɓal. Ya ɗaga kofin kusa da fitila ya daɗe yana dubawa. Ya sa cokali ya ɗebo wani abu fari ya tauna a hankali.

"Madalla, Malam. Ashe ku a birni yanzu da awarar ake haɗa shi gaba ɗaya?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Madarar ta tsinke, ruwa gefe, gudaji gefe. Daga baya malamin kimiyya ya ce ɗanyar citta tana da wani sinadari mai daskarar da madara in ta same ta da zafi amma ba a tafashe ba, kuma tafasa ce ke kashe shi. Da na jefa ta a ruwa tun farko da babu abin da zai faru. Ya ƙara da cewa a kudancin Sin, wajen Guangdong, da gangan suke yin haka su ci da cokali a matsayin kayan zaƙi. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai. Ko ba komai abincin wata ƙasa na yi, kuma ƙasar tana cikin manhaja.

Kawu bai ƙara cewa komai ba a daren. Da muka dawo daga sallar asuba sai ya naɗe hannun riga ya ce in nuna masa kicin. Na ce haba Kawu, ya ce ba ni zai yi wa ba, kansa zai yi wa, don yana da tafiya a gaba. Ya auna ruwa kofi biyu da ɗan ƙari saboda abin da wuta za ta sha. Ya daddaka citta da kanumfari uku ya jefa tun ruwan yana sanyi. Ya laluba aljihu ya fito da hel, 'yar koriyar ƙwayar nan da Larabawa ke sa wa gahawa, ya fasa biyu da haƙori. Ya bar su suka tafasa sosai har kicin ya ɗauka, sannan ya zuba ganye, cokalin shayi biyu a cike ga kowane kofi, ya rage wuta. Na ciro waya zan kunna agogo, ya ce in mayar, in dubi ruwan: in ya yi ja mai duhu har ba ka ganin cokali a ciki, ya yi. A ɓoye na duba, bai kai minti 4 ba. Ido ba mudu ba, ya san kima.

Sai a lokacin ya nemi madara, kuma ta gwangwani ya ce. Ita an riga an ƙone fiye da rabin ruwanta a masana'anta, saboda haka tana ba da kauri ba tare da ta tsinka ƙarfin ganye ba. In ta gari ce kawai a gida, a dama ta da ruwan ɗumi ta yi kauri kafin a zuba, kada a watsa ta a tafasasshen ruwa. Ya zuba kusan rabin ƙaramin gwangwani, ya sa sukari a tukunya ba a kofi ba, ya tsaya da ludayi. Ta taso ya ɗaga tukunyar, ta kwanta ya mayar, ta sake tasowa ya ɗaga, yana ɗiba da ludayi yana tsiyayawa daga sama kaɗan, ba irin tawa shiƙar ta neman suna ba. Ya tace da rariya. Ya ce wurin 'yan Yaman da ke maƙwabtaka da shagonsa ya koya, su suna ce masa shayin Adan, kuma wanda alhazai 'yan Dubai ke dawowa suna santi, karak, ɗan'uwansa ne da ma'aikatan Indiya da Pakistan suka kai can.

Na juya baya na kurɓa, don ba a sha a gaban suruki. Ganye ya fito ba bauri, madara ta zauna a harshe, citta ta biyo baya ta ɗumama ƙirji. Duk aikin bai kai kwata na awa ba, a tukunyar da ba ta fi kowace tsada ba, da ganyen nan dai da ya hana ni barci. Da zai tafi na raka shi tasha, na roƙe shi a kaikaice cewa abin da ya faru jiya na gida ne. Ya ce, "Haba Malam, ai ni ba mai magana ba ne."

Ranar da aka dawo da mai jego, mota biyu ta 'yan rakiya ta tsaya a ƙofar gida. Ƙannenta mata, waɗanda da ma tsakaninmu sai tsiya, tun daga zaure suka fara: "Ina Yaya Mai Awara? A ɗora mana, amma tamu a soya!" Har wata gwaggo da ban taɓa gani ba ta ce ta ji an ce ina haɗawa da yaji. Na shiga kicin na yi musu irin na Kawu, tukunya guda, na fito da shi. Aka yi shiru ana sha, sannan aka nemi ƙari, gwangwanayen da na tanada na wata guda suka tafi a zama ɗaya, tare da abin da ya rage na tayoyin babur.

Da dare gida ya watse, na sake haɗa kofi guda na kai wa uwargida. Tana zaune gaban kabad, jaririya a cinya. Kwana biyu kafin nan na zagaye kasuwa da murfin tsohuwar samira a leda har na samo wadda ta yi daidai da shi, na saka ta a gurbinta. Ta kurɓa, ta gyaɗa kai.

"Ya yi daɗi, Malam. Sai dai sukari ya ɗan yi yawa."

Na haɗiye, na ce za a gyara.

"Ni kuwa Malam, tukunyar tsakiyar nan, fure uku na sani a jikinta. Yanzu na ƙirga biyar. Ko ita ma haihuwa ta yi da ba na nan?"

Na ce bari in duba gas, ina jin ban kashe ba.